Kofin Labbo

Ni mai shayi ne a bakin tashar Jega,
tsallaken kwalta da ofishin 'yan sanda.
Yau kwana goma sha tara
ban ɗauraye kofin Labbo ba.

Ya sha rabi, asubahin Laraba,
ya ce, "Ajje min, in ɗauko albasa Aliero in komo."
An tsinci babur ɗinsa gab da gada,
makulli a jiki, buhu biyu ɗaure tamau.
Shi kuwa, ko takalmi.

Tun ranar bencina ya koma kotu,
kowa alƙali, babu mai biyan kuɗin zama.

Bube mai awo shi ke buɗe shari'a:
"Arzika baturen 'yan sanda ne ko baturen barci?
Kwana uku kafin mota ta motsa!
Wai babu mai,
sai da dangi suka yi karo-karo a hula."
Yara sun laƙaba masa suna, Muna-Kan-Bincike,
suna rerawa in ya wuce.

Janaidu direba ya dangwarar da kofi:
"Ku ji tsoron Allah.
Ni na gan shi ƙarfe biyun dare a bakin gulbi,
wando naɗe har gwiwa, tocila a baki,
yana jan taru tare da masunta.
Ƙauye arba'in, mota biyu,
ɗaya na zaune bisa duwatsu tun bara.
Ko giwa ce, a ɗaure mata ƙafa a gani."

"To, Dikko fa?" in ji wani daga duhu.
Aka yi tsit.
Dikko abokin Labbo ne tun suna kiwon awaki.
Kwana huɗu ya yi a bayan kanta,
ya fito ba laifi, yana jan ƙafar hagu.
Wannan Janaidu bai amsa ba,
ya hura shayin da ya riga ya huce.

Tsohon hedimasta ya zo da takarda,
a dangwala yatsa a ɗauke mutumin daga garin.
Tawada ta zagaya kasuwa har rumfar mahauta.
Aka kai wa Hajjo, uwar Labbo,
ta ɓoye hannu cikin mayafi.
"In kun kore shi, sabon da za a kawo
sai ya fara tambayata sunan ɗana.
Wannan ko banza ya san sunan."

Daren jiya, bayan isha'i, benci ya watse,
sai ga shi, babu hula, babu rakiya,
ido ja kamar gauta.
Ya ce baƙi, kar a sa sukari.
Ya hango kofin a bayan gwangwanin madara,
ya ce na wane ne.
Na faɗa.
Ya daɗe bai ce uffan ba,
sannan: "Da wa ya zauna a safiyar nan?"

Kwana goma sha tara
babu ɗan sandan da ya tsallako ya tambaye ni.
Kwana goma sha tara
ni ma ban tsallaka na faɗa ba,
ga kwaltar, taku ashirin,
alhali na tuna baƙon mai jar hula
da ya biya kuɗin su biyun, bai karɓi canji ba.

Ya rubuta a bayan takardar burodi,
ya biya, ya tafi.

Gobe Bube zai sake buɗe shari'a,
Janaidu zai kare, takarda za ta ƙara tsawo.
Zan zuba musu, zan yi shiru,
ban san layin da sunana ya dace da shi ba.

Kofin na nan.
Tururuwa sun gama da sukarin tuntuni,
saura zoben shayi a ciki, ya bushe,
daidai inda ya tsaya.