Ƙaura Zuwa Gajimare

Shekara goma sha ɗaya ina jinyar injinan nan
a ɗaki mai sanyi, hawa na biyu, Kakuri.
Na san tarin kowanne. Na san mai saurin fushi
in janareta ya yi nawar tashi.
A bayan ƙofar Baba Shekwolo mai gadi ke ɓoye gorar kununsa,
ban kuwa taɓa faɗa wa kowa ba.

Ran Litinin aka kira mu taro.
Injiniya Kuyet ta zana gajimare a allo,
ta harba masa kibau uku, ta ce,
"Kafin ruwa ya sauka mun tashi."
Akanta Sabitu bai ko ɗago kai ba:
"Hayar can, da dala ce ko da naira?"
Fanka kaɗai ta amsa.

Ni aka ba ƙirgar kaya.
Sai ranar tashi mai gida ke sanin yawan tarkacensa:
cinikin takin zamani tun shekarar da masara ta ƙone a tsaye,
bashin dillalan Saminaka,
rahoton da inji ke haɗa wa wani manaja duk Juma'a
alhali ya bar aiki shekara huɗu.
Manomi guda na tarar sau uku,
Ɗanlami, Danlami, Dan Lami,
buhu arba'in ya ɗauka, muna binsa ɗari da ashirin.

Muka yi gwaji da tsakar dare, muka tura kaɗan.
Sun isa, amma ƙugiyoyi duk sun zube a hanya.
Ɗanlami ya koma alamar tambaya,
Maƙarfi ta rasa ƙarfinta.
Kuyet ta yi dariya har da hawaye,
sannan ta ƙara mako biyu a jadawali.

Na ce a rubuta min sharaɗi ɗaya:
tsofaffin nan su yi kwana arba'in a kunne
bayan mun tare a sama.
Ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari.

Da yamma, a kan gada, cunkoso ya riƙe ni.
Gajimare na gaske na taruwa ta wajen Barnawa,
ba makulli, ba rasit,
yana ba da abin da ya ɗauka ranar da ya ga dama.

Da safe Baba ya tare ni a bakin ƙofa.
"An ce za a kashe sanyin nan.
To can inda za ku,
akwai wurin ajiye gora?"