Tafin Bawa

Ranar Asabar suka buɗe ƙofa ga kowa.
Ni kuwa shekara talatin ina wuce ta
da ɗinkin mutane a hammata,
ban taɓa leƙawa ba.
Yau na tako daga Aboabo,
na tsaya a dokin ƙofa ina kwance takalmi,
wata tsohuwa ta yi dariya:
"Shigo da abinka, baba, nan ba a cirewa."

Ciki da sanyi kamar gindin randa.
Hasken taga, ja da shuɗi,
ya zubo kan benci, ya rina mini farar riga.

Maame Frimpomaa ce mai bayani,
da sanda a hannu, da tabarau a karan hanci.
Ta ce da fari inuwar mangwaro ce,
mutum tara da fitila ɗaya.
Sai rumfar ciyawa, wuta ta cinye ta.
Sai manoman koko suka yi karo-karo,
wani buhu, wani rabin buhu,
wata gwauruwa ta kawo akuya.
Ƙararrawa a jirgin ƙasa ta zo daga bakin teku,
ƙarti goma suka ɗauko ta daga tasha,
sau bakwai suna ajiyewa.

Ta nuna allo a jikin bango,
sunayen fada-fada a jere, da shekarunsu,
na farko zazzaɓi ya ɗauke shi, bai ga rufi ba.
Na bi da ido daga sama har ƙasa.
Na sake bi.
Babu magini.

Kakata Ladidi ta sha faɗa mana,
tana ɓare goro da farce:
"Kakanku Bawa shi ya ɗora wancan bango.
An yi masa surutu a Zango,
ya ce ginin da zai tsare kan mutum daga ruwa
ba zai yi masa ha'inci ba."
Da azahar yakan sauko daga tsani,
ya shimfiɗa takardar siminti ya yi salla,
leburori su tsagaita da guduma har ya sallame.
A nan dutse ya cinye masa ƙaramin yatsa.

Jama'a suka bi ta wajen bagade.
Ni na tsaya.
Mai shara, Opanin Gyasi, ya dube ni:
"Ka ga Hannun Mala'ika? Yara ne suka sa masa suna."
Ya ja ni bayan matakalar ƙararrawa,
inda gizo-gizo ya yi gida,
ya haska da wayarsa.

Tafin hannu ne, ya nutse cikin siminti.
Yatsu huɗu.

Na durƙusa, gwiwa tana ƙara.
Na sa nawa a ciki.
Nasa ya fi faɗi, hannun allura ba ya cika na dutse,
ƙaramin yatsana ya rasa masauki,
ya kwanta a waje kamar baƙon da ya zo da dare.

"Masu jarrabawa sukan taɓa shi," in ji Gyasi,
"har ya yi santsi."
Na buɗe baki in ce mala'ikan nan yana cin goro,
yana bin mai waake bashi har wata ya mutu,
sai na haɗiye.

A bakin fita akwai littafin baƙi
da biro ɗaure da zare.
Wasu sun rubuta daga ina suka zo.
Na ja layi daga dama zuwa hagu, da ajami:
Bawa ɗan Tanko, magini, ya yi aiki a nan.
Maame ta karkata kai: "Me ka ce?"
Na karanta mata.
Ta ce in maimaita, a hankali,
ta juya bayan takardarta tana rubutawa.

Daga gangare kiran la'asar ya taso.
Na sauka tudu da sauri,
da ƙurar bangon a tafina.
Sai da na zauna alwala
na daɗe riƙe da buta ban zuba ba.