Ta Arba'in da Uku

Ran kasuwar Gujungu mai turi ya cika min waya,
waƙa ɗari, naira ɗari biyu.
Na saurara kan amalanke har gida:
kiɗa ɗaya ne, sunan mai kuɗin kawai ke sauyawa.

Ta arba'in da uku muryar Nafi'u ce,
ɗan Kawu Barau, mai sa 'yan gayya manta rana.
Inji ya goge masa kaushin maƙogwaro,
yana yabon sabulu da wani mai gidan mai.

Na kunna wa Kawu. Ya daɗe shiru.
Ya ce, "Shi ya aiko da takin bana."
Ya ɗaga kai ya dubi kukumarsa a rataye,
gizo-gizo ya ƙara mata tsirkiya.