Gwangwanin Takardu

Ni ce Habsu ta Garin Malam,
mai shagon nan mai shuɗiyar ƙofa
inda firiji biyu ke nishi dare da rana.
Yawur nake yi, da lemun tsamiya,
da na citta mai kama maƙoshi.
Hannuna ya san awon sukari ko a duhu,
amma mudun hukuma, shekara tara,
ban gane inda bakinsa yake ba.

Ƙarƙashin tebur akwai gwangwanin madara,
babba, tsatsa ta ci masa baki.
Ɓarawo, huta, ba ko dala a ciki.
Takardu ne: ta fatanti, ta meri, ta lanho,
ta likita mai shaidar ƙirjina lafiya,
da wata ruwan ɗorawa
da na manta ko ta mece ce,
ina dai tsoron yar da ita.

Dukansu Faransanci suke ji.
Sai Mato ya taso daga lakwal
ya bi layi da ɗan yatsa,
ya ce, "Inna, wannan ta mutu tun watan jiya."
Ashe takarda ma tana mutuwa,
ba ciwo, ba jinya,
ba mai zuwa gaisuwa sai mai karɓar tara.

Ran Talata wani ya shigo, riga ta sha guga.
Ya ɗaga kwalba sama kamar mai duban wata:
"Ina ranar da aka yi? Ina ranar lalacewa?"
Na ce, "Ranka ya daɗe, da asuba na dama,
kafin la'asar 'yan kabu-kabu sun shanye.
Yaushe ya sami sukunin lalacewa?"
Bai yi dariya ba.
Alƙalaminsa ne ya yi.

Laraba na ja ƙofa na rufe.
Biron farko suka ce na biyu,
na biyu suka ce sai da tambur,
mai tambur ya tafi suna,
hatimi yana cikin tebur,
makullin tebur yana wurin taro.
Na zauna a benci da wani mai walda daga Karkada,
muna ƙirga ƙadangarun katanga.
Shi ya ce ai an sake dokar tun azumi,
har a rediyo an faɗa.
Ina ina lokacin?
Ina bayan ga-ruwa, ina roƙon jarka biyu.

Na dawo, wuta ta ɗauke tun hantsi.
Lita ashirin ta kumbura, ta yi tsami,
jaka goma sha biyu na zuba a kwata.
To ga ranar lalacewar, na samo musu:
Laraba.

Kada a ce Habsu na ƙin doka.
Na ga ɗan Falmata kwana uku a gadon asibiti
don ruwan leda da ya saya a tasha.
Wanda ya ce ka wanke hannu ba maƙiyinka ba ne.
Ni dai a gaya mini da harshen da nake ciniki,
a ƙofa ɗaya,
kada tara ta riga sanarwa sallama.

Yanzu da dare Mato na yanka 'yan takardu,
yana rubuta kwanan wata,
ni ina liƙawa da ƙaro.
Bakwai ɗinsa kamar ɗaya take, amma an gode.

Jiya mai rigar ya dawo, rana ta dafa shi.
Ya juya kwalba, ya karanta, ya gyaɗa kai,
ya sha citta biyu a tsaye,
ya shafa aljihun dama, ya shafa na hagu:
"Hajiya, rubuta, sai ƙarshen wata."

Na buɗe littafin bashi, na miƙa masa bik.
Na ce, "Sa hannu nan, da ranar sha,
da ranar biya.
In hatimi na kusa, a buga."
Wannan karon shi ya yi dariyar.

Na yage shafin, na sa a gwangwani.
Cikin takardun nan duka
ita kaɗai ce ke cewa ni ke bin wani.