Ƙwai Shida a Cikin Randa

A Runjin Sambo, bayan ɗakin girki,
inda kakana ya ɗaure jajayen awakinsa,
nan na jera robobi biyu masu huji a murfi.
Turakun suna nan har yau. Awakin ne babu.

Modi direban tirela ya kawo mini su daga kudu
cikin buhun gishiri, mace da namiji,
ƙananan mesa, ba dafi, ba faɗa.
Ka taɓa su, su dunƙule kamar curin fura,
su cusa kai a tsakiya, su bar ka da hannu a miƙe.
Namijin na sa masa Shiru.
Macen ban raɗa mata suna ba, ta ƙi kallona.

Inno ta leƙo, ta yi salati, ta koma da baya.
"Wanga yaro, mi ya same ka?
Ɗiyan mutane na kiwon kaji,
kai ka kwaso abin da aka bi da sanda!"
Kwana tara ba ta yi shanya a bayan nan ba.

Na ce mata launi nake nema.
Su biyun ruwan ƙasa ne, da zane baƙi kamar lallen da ya kwana,
amma mai su ya rantse wa Modi
akwai zabiya kwance a jinin kowannensu:
fari da ruwan ɗorawa, ido kamar ɗigon zoɓo.
Ɗaya cikin huɗu, in rabo ya rantse.
Kakana ma haka yake lissafi, ba takarda:
ya shafa bunsuru a Kara,
bai tambayi kuɗi ba sai ya ji launin uwarsa.

Abin da ba a faɗa mini ba,
mai kiwon maciji makiyayin ɓera ne.
Arzika mai faci ya yi dariya har ya saki tayar da ke hannunsa:
"Unguwa na sayen guba, kai kana saya musu dusa."

Ta yi saɓa, ta daina ci, ta yi nauyi.
Wata asuba na ɗaga murfi
na tarar ta naɗe ƙwai shida,
masu taushi kamar fatar da ta fito daga majema,
manne da juna.

Ranar Sakkwato ba ta san ƙwai mai tsada ba.
Bango na ƙuna har bayan isha'i,
wuta ta tafi, fanka ta tsaya da baki buɗe.
Na ari tsohuwar randar Inno ban tambaya ba,
na zuba jiƙaƙƙen yashin Rima,
na rataya ma'aunin zafi da zare,
na zauna da mafici ina yi wa tukunya fifita
kamar mai jinya.
Biyu suka lotsa, suka yi wari.
Na binne su gindin turken farko, ban gaya wa kowa ba.

Kwana hamsin da bakwai.
Tsaga ɗaya, siririya kamar yankan reza,
kai ya leƙo, harshe ya ɗanɗana iska.
Ruwan ƙasa.
Na biyu, ruwan ƙasa.
Na uku ya gaji ubansa har ɗigon wuya.
Na ji kunya da na ji haushi,
don lafiyarsu lau, suna sheƙi, ba su yi mini alkawarin komai ba.

Na huɗu shiru.
Cikin dare na ji takun silifa a bayana, da tocila.
Inno ce, ta tsaya nesa, zani a ƙugu,
ta miƙo wuya kan randarta.
A gefen ƙwan akwai tsaga,
a cikin tsagar akwai wani abu fari-fari,
ko fata ce, ko ruwan ƙwai ne kawai.
Na kai yatsa.
"Bari," in ji ta, "ba a yi wa haihuwa gaggawa.
Matsa can, kana tare mini haske."