Shekara Tara a Saman Murhu

A Duluth, daren Talata,
dusar ƙanƙara ta toshe gareji.
Na sa miyar wake a maikirowef,
wanda Ardis ta sa aka kafa saman murhu
don teburinta ya sha iska.

Fitila ta kama, faranti ya juya,
ƙugi minti biyu cif.
Na tsoma cokali: sanyi ƙarara.

Da safe Dariel ya taka kujera,
ya zaro rariya, maiƙo ya daskare kamar kaki.
"Ba ka kunna fanka in kana suya?"
Ita ce mai kunnawa.
Na yi shiru.

Fis lafiya, makunnin ƙofa lafiya.
"Magnetiron ne ya gaji, Mista Haugen.
Goma ce iyakarsu,
gyara ya kusa kuɗin sabo.
Kada ka buɗe cikinsa:
yana riƙe wuta ko an zare waya."

Na san irin wannan.

Na ce ya bari sai ƙanƙara ta narke.
Agogonsa bai tsaya ba,
fitilar ƙasansa tana haska murhu.
Nan nake ɗumama miyar yanzu, a tsaye,
cikin tukunyarta mai kunne ɗaya.