Ƙaimin Guduma

Ranar Talata, ƙanƙara na narkewa a titunan Elko,
Maite Arrizaga ta turo ƙofar shagona da kafaɗa,
ta sauke ƙunshin tsumman ulu a kan tebur
kamar mai ajiye ɗan tunkiyar da aka haifa cikin sanyi.

Libarba ce 'yar ƙarama mai cin harsashi biyar,
baƙinta ya koɗe, ya koma ruwan toka.
Na buɗe, na leƙa ramukan ɗaya bayan ɗaya, wayam,
sannan na ce, me ke damunta?

Sai ta juyo aljihun kwat ɗinta waje.
Yagewa uku, ɗinki uku, kowanne da launin zarensa.
"Ƙaimin nan na bayan guduma," in ji ta,
"kullum sai ya cafke ni.
Shekaranjiya kerkeci ya shigo garke,
ina kokawa da aljihu, shi yana zaɓen mai ƙiba.
Yanke shi, Orval."

Na sa tabarau, na jawo fitila.
Tsagar da maƙera suka yi wa ƙaimin
don kada yatsa ya zame, duk ta shafe.
Ba magagari ne ya ci ta ba.
Babban yatsan Beñat ne, shekara arba'in da ɗaya
a tsaunukan Ruby, bayan tumaki dubu biyu,
yana murza wurin cikin duhu in kare ya yi haushi,
galibi ma bai harba ba.

Na ce, yanka ba wuya,
kafin kofinki ya huce na gama.
Sai dai ƙarfe ba gashi ba ne, ba ya tohowa.
Kuma guduma in ta rasa nauyinta
takan faɗa wa harsashi ya ƙi amsawa,
ƙyas kawai za ki ji, kamar an taka busasshen kara.

Ba ta ce komai ba.
Agogon bango ya yi ta surutunsa.

Akwai wata a akwatin ƙasa, na ce,
gundul aka ƙero ta, ba ƙaimi, ba tarihin kowa.
Ta ɗaga kai sau ɗaya.

Na kwance ƙusoshin, na tara su a murfin kwalba,
na ɗaga marfin gefe a hankali.
Ciki akwai tsohon mai da ya daskare,
da ƙurar daji, da silin ulu guda
wanda ban san ta inda ya shiga ba.
Sabuwar ta yi gardama, baƙo ba ya sanin wurin zama,
sai da na lallashe ta da dutsen washi
har la'asar ta sauka kan taga.

Maite ta zura libarbar a aljihu, ta zaro.
Ta sake. Ta sake.
Sumul, kamar cokali a cikin man shanu.
Ta ƙirga dala tamanin, ba ta nemi ragi ba.

Tsohuwar gudumar na naɗe mata a jarida.
A bakin ƙofa ta warware,
ta ɗora babban yatsanta inda nasa ya kwana,
ta jefa ta tsirara a ɗaya aljihun.

Na ce, zai yaga wannan ma.

"Ina da zare," in ji ta,
ta fita cikin laka.